Mai Gudu a Kan Ruwa

Kawu Mutari ya dawo Damagaram
da akwati biyu, da gwiwa ɗaya mai aiki,
da haƙora huɗu na gaba waɗanda ba nasa ba.
Da dare yakan cire su ya jiƙa a kofin silba.
Na aro ne, in ji shi,
na ainihin suna can ƙasar sanyi,
an share su tare da garin ƙanƙara.

Yana ɗan shekara bakwai aka tafi da shi Kanada.
Uban ya je karatun likitancin dabbobi, ya zarce.
Can, wai tabki kan daskare ya zama fili,
mutane su ɗaura wuƙa a ƙasan takalmi,
su bi wani baƙin faifai da bai kai tafin hannu ba
da sanda mai lanƙwasasshen baki.

Mu da ke kwana a layin famfo a Garin Malam,
jarka bayan jarka, har kiran assalatu,
muka ce: Kawu, ruwan da zai shayar da unguwa wata guda,
shi kuke takawa?
Ya yi dariya har giɓin ya fito.
Bai musa ba.

Shekara goma sha ɗaya yana ci da wannan sanda.
Ba a manyan birane ba,
a garuruwan masu saran katako da masu haƙar ƙarfe,
inda mota ke kwana tana tafiya
kuma babu mai iya faɗin sunansa daidai.
Sau uku aka sayar da shi ga wata ƙungiya
kamar rago a Kasuwar Dole,
ba a ko shafa bayansa ba.
Ya ci tamanin da ɗaya.
Tambaye shi ta arba'in da shida,
zai gaya maka wa ya miƙo, da wane hannu.

Sai gwiwa ta ce ta gaji.
Aka karɓe sanda, aka rataya masa usur.
Ya horar da ƴaƴan wasu har gashinsa ya yi fari,
ranar da aka cinye su karo na bakwai a jere
aka sallame shi ta waya
yana tsaka da dafa shayi.

Yanzu akwai wani tsohon siton gyaɗa bayan Zango,
daɓensa sumul, rufinsa rabi.
La'asar sakaliya yara kan taru,
sandunan goriba a hannu, ƙodago a tsakiya,
silifas biyu su ne raga.
Ranar farko ba ya koyar da bugu.
Faɗuwa yake koyarwa:
kare kanka, saki jikinka,
gwiwa ɗaya ƙasa, hannu a ɗayar, miƙe.
Tsahara, ƴar mai faci, ta fi kowa iyawa.
Ita kaɗai yake yi wa tsawa.

Inna tana sayar da ƙanƙara in an kawo wuta.
Kullum yakan sayi ta dala ashirin
ya ɗaure a gwiwa da tsohon rawani.

Wani azumi na bazara,
duwatsun Birni na fitar da zafin da suka sha tun safe,
ya buɗe akwati na biyu.
Takalmin ya tsattsage, wuƙar ba ta yi tsatsa ba.
Ya ɗora dunƙulen ƙanƙara a faranti,
ya ce mu yi shiru,
ya ja wuƙar a kai, sau ɗaya.

Shiiit.

Kun ji? ya ce. Haka take.
Idonsa a rufe.
Tsahara ta ce a sake.

Inna ta leƙo daga madafa:
Mutari, an kusa kiran salla,
masu kunun tsamiya na jira a ƙofa.

Ya miƙa farantin.
Abin da ya ɗiga a ƙasa
kaji suka zo suka shanye.