Kujerar Can Baya

A silimar Uyuni, daren Asabar,
sanyi na cizon kunne ta ƙasan hula.
A majigi, wani da gari ya kora
yana tafe, kare ɗaya a bayansa.
Doña Eulalia ta jiƙa mayafinta.
Mahaƙan gishiri na jan majina a ɓoye.

Can baya, Anselmo mai haƙa kabari,
shekara tara ya yi a kurkuku.
Kujera uku fayau a hagunsa,
huɗu a dama.
Shi bai yi kuka ba.
Takalmin jarumin yake kallo:
sabo fil, ko tsaga babu.

Aka kunna fitila.
Aka dare masa hanya,
ba don girma ba.
A waje, ko kare babu.