Rijiyar Ƙarshe

Rijiya talatin da biyu na haƙa a ƙasar Adar,
daga Bambai har bakin Kaita.
Ban zaci ta ƙarshe
a cikina za a haƙa ta ba.

Ƙoda ta ajiye aiki babu sallama.
Majo Alkasum ya nuna tiyon da ke ƙasan cibiyata,
ya ce, "Bizo, ga guga, ga igiya,
sai dai wannan kai ke zuba mata ruwa,
kai ke janyewa."

Sau huɗu a yini.
In rufe taga, in kashe fanka,
in kori kyanwa, in sa takunkumi,
in cuɗa hannu da sabulu har ƙarƙashin farce,
hannun da laka ta yi shekara arba'in tana kwana a ciki.
Alwala ma ba ta sha wannan ƙwaƙƙwafi ba,
Allah na tuba.

Leda guda a ƙusa, bisa kaina,
guda a ƙasa tana karɓar dauɗar jini.
Majo ya ce, "Ɗora ta kan takarda.
In rubutu ya fito tas, lafiya lau.
In ya yi farau-farau, ko ciki ya murɗa,
kada ka jira gari ya waye,
kada ka jiƙa sassaƙe. Taho."

Na ce ban shiga lakkol ba.
Ya ce ba karatu ya nema ba, gani.

To jikata Barira ta shimfiɗa tsohon littafinta,
kullum shafi ɗaya a ƙarƙashin ledar.
Ina duba, ina duba,
har wata la'asar na ce, "Wannan mai ciki biyu fa?"
Ta ce, "Shi ne farkon sunanka, Kaka."
Ta cikin ruwan jikina na fara ganin sunana.

Yanzu ni ke rubuta abin da ya shiga,
abin da ya fita, da abin da sikeli ya ce.
Bakwai ɗina har yau gurguwa ce.
Gishiri mun yi hannun riga,
kanwa ma, kilishin kasuwar Tawa
sai dai mu gaisa daga nesa.

Kwalayen ruwa daga Yamai suke zuwa.
Ran da mota ta makara
nakan ƙirga su kamar damman gero a bazara.

Jiya wani yaro ya zo tambaya
ina za su sa diga a gonarsu.
Na ce ya jira a zaure,
rijiyata ba ta gama tsiyaya ba.