Bargon Inji

Kakana ya zo Jos haƙar kuza,
ya samu tari, ya bar rami.
Tarin ya bi shi kabari.
Ramin ya cika da ruwa, a bayan Bukuru,
shi muke ci har yau:
kabeji, karas, latas, koren wake.

Mu goma sha bakwai ne a bakin ruwan,
kowa da injinsa, kowa da mesarsa.
Ni ne mai babbar murya.
Ni nake zagin hukuma a teburin mai shayi,
ina ƙirga ɓarayin ƙasa da yatsu
har yatsun su ƙare, in ari na maƙwabci.
Kuma ni ne, ƙarfe biyun dare,
nake lulluɓe injina da tsohon bargo
don kada a ji gurnaninsa,
in shanye rabon mutum uku kafin kiran assalatu.

Ban taɓa ce masa sata ba.
Wayo nake ce masa.
Wani lokacin in ce masa 'ya'ya biyar da kuɗin makaranta.

A watan Maris ruwa ya ja da baya
ya tona asirin laka:
tsohuwar taya, robobin maganin feshi,
wani ƙarfen Turawa da tsatsa ta cinye rabi.
Gonar Chundung ce can sama.
Mesarta ta daina kaiwa.
Na gan ta da bokiti a ka, tana hawa, tana sauka,
mace mai jikoki, gwiwa tana ƙara.
Ta tsaya kusa da ni ta huta.
Ta ce, "Sannu da aiki, Tasi'u.
Bargon nan naka, ka riƙa shanya shi,
yana warin fetur."
Ta ɗauki bokitinta ta wuce.

Daren nan na je, igiya a hannuna,
ban ja ba.
Na zauna a kan dutse, sanyi yana cizon kunnena,
na leƙa cikina kamar mai leƙa rijiya,
sai ga rami, ya fi na kakana zurfi,
shekara nawa ina zuba masa ruwan mutane
ko ƙasansa bai jiƙe ba.
Tsoro ne a ciki, tsugune,
tsoron gobe, da fuskar yaron da ya taɓa kwana da yunwa.
Na ce masa, na gan ka.
Iyakar abin da na iya ke nan.

Kada ku ɗauka waliyyi na zama.
Dare na huɗu na ja igiyar.
Na tara ma na ja.
Zuciya ba famfo ba ce da za a murɗa ta tsaya.

Ranar da na faɗa a gaban jama'a, gindin mangwaro,
bakina ya bushe kamar garin kwaki.
Davou ya yi dariya har da hawaye:
"Da wane kunne za mu ji injinka,
namu ma a kunne yake?"
Mu shida ne ashe. Kowa da bargonsa.

Muka kafa rodi a cikin ruwa, muka zana masa jan fenti.
'Yar Zulai ta yage mana tsakiyar littafinta,
ta rubuta suna, rana, awa.
Ɗanjuma har yau bai sa hannu ba,
mun bar masa layinsa a buɗe.

Bana kabejina bai kai na bara ba.
Dillali ya taɓa shi, ya taɓe baki.
Amma ruwa ya jira mu har hadarin farko,
mesar Chundung ta yi tari, ta kawo,
kuma zalɓe ya dawo, ɗaya tak,
yana tsaye a kan rodin kamar shi ya kafa.

Bargon na wanke shi sau uku.
Autana ke rufa da shi yanzu.
Ya ce har yau yana ɗan wari.