Ƙarfin Gwiwa

Shekara talatin ba biyu ina tsaye
gaban injin saƙa a Kakuri,
zare na gudu, ni ko motsi.
Masaƙa ta rufe, ciyawa ta cinye farfajiya,
gwiwata ta ce ita ma ta ajiye aiki.

Likita ya tsaga, ya fitar da tsohuwa,
ya dasa ta ƙarfe, ya ɗinke kamar bakin buhu.
Na bi ɗinkin da yatsa, ashirin da huɗu.
Na ce, to, an gama.
Ashe nan aka fara.

Kashegari ga Kasham a bakin gado.
Na haife ta a shekaru, amma murya ta sajan:
“Baba, sauko da ƙafa.”
Na ce, “'Yata, jiya fa aka yanka ni.”
Ta ce, “Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe,
kuma yanzu ƙarfe ne a jikinka.”

Litinin da Alhamis, keke daga Tudun Wada,
kowane rami a titi sai ya gaishe ni har ɓargo.
Ɗakin gashi na warin man zafi.
Ga soja mai kafaɗa, ga mai ƙosai da ƙugu,
ba ma tambayar suna,
da nishi muke gane juna.

Tana da ma'auni mai kamar almakashi,
ta kara a gwiwa kamar telan Kasuwar Barci:
“Sittin da biyar.”
Ta danna, na kira sunan uwata,
wadda ta rasu tun kafin a haifi Kasham.
“Saba'in. Ka gani?”
Ban gani ba, hawaye ya rufe ido.

A gida, tabarma da tsohon tawul.
In rataya a tafin ƙafa, in jawo diddige,
goma da safe, goma bayan la'asar.
In an ɗauke wuta, Laraba ta aiki yaro
ya roƙo ƙanƙara wajen mai lemo,
ta naɗe a ɗankwali, ta ɗora kan kumburi,
tana mita, tana gyara min matashi.

Akwai makon da na yi ha'inci.
Kwana uku na kwanta da rediyo a ƙirji,
ranar Alhamis na rantse na yi.
Ma'auni bai karɓi rantsuwa ba.
Kasham ba ta yi faɗa ba, ta rubuta kawai.
Shirun nan ya fi danna ciwo.

Jikata Nusaiba na tura keken katako a tsakar gida,
ni ina tura nawa na ƙarfe.
Muka haɗu wajen randa.
Ta dube ni, na dube ta,
ɗalibai biyu, aji ɗaya.
Ta faɗi, ta tashi tana dariya.
Ni faɗuwa nake tsoro,
shi ya sa ta riga ni saki.

Abin da ban faɗa wa kowa ba:
goshina na kewar ƙasa.
Wata biyu ina salla kan farar kujerar roba,
ina sunkuya wa iska,
sahu na sauka, ni ina sama kamar alƙali.

Na tambayi Kasham, “Yaushe zan yi sujada?”
Ta ce, “Ba na alkawari, Baba.
Yau ɗari da biyar. Ƙaro min goma.”
Na ƙaro takwas.

Jiya da asuba na ɗauki sanda ni kaɗai.
Matakalar masallacinmu uku ce,
ban taɓa ƙirga ta ba sai bana.
Mai lafiya ke fara hawa,
ta ƙarfe ke fara sauka,
haka aka koya min, haka na yi.
Ladan ya miƙo hannu, na ce ya bari.

Kujerar na nan a gefen sahu.
Na zauna.
Amma da ƙafata na zo.