Tagulla, Azurfa, Zinariya

Takardu uku na shimfiɗa a kan benci,
na ture sukudireba da fasassun gilasai.
Nan Fam Santa kowa na cinikin waya,
ni yau ina cinikin lafiya.

Ukashatu ɗan kamfanin inshora
ya zo da jaka da murmushi mai sheƙi,
ya ce, “Tasi'u, zaɓi naka:
ga Tagulla, ga Azurfa,
in aljihu ya yi nauyi, ga Zinariya.”

Na ce, ashe ciwo ma aji-aji ne
kamar kujerun jirgin Saudiyya.

Tagulla ta ɗauki zazzaɓin sauro,
da taifot, da ƙarin ruwa leda biyu,
amma da likita ya ambaci tiyata
sai ta gyara ɗaurin zaninta, ta juya baya.

Zinariya kuwa ’yar gayu ce:
ɗaki kai kaɗai, da sanyi, da talabijin,
tana cike haƙori, tana yanka tabarau.
Na duba kuɗinta na shekara, na buga lissafi:
waya nawa zan kwance in ɗaure
kafin ta yarda mu gaisa a hanya?

Ban manta bara ba,
daren da cikin Mardiyya ya murɗa.
Ƙarfe biyu muka bar Ɗorayi,
aka ce afendis ne, a ajiye kuɗi kafin wuƙa.
Gari na wayewa babur ɗina ya koma hannun dillali,
rabin farashi, ban ko yi musu ba.
Yarinya ta tashi, alhamdu lillahi.
Ni ne har yau a ƙafa nake tafiya.

Sai na juya bayan takarda
inda rubutu ya ƙanƙance kamar sawun kiyashi,
na ɗauko madubin da nake leƙa cikin waya.
Haihuwa, sai an shekara da rajista.
Huwaila kuwa watanta biyar.
Ciwon da ya riga kati shigowa gida, ba ruwansu.
Inna shekara tara ke nan da suga da hawan jini.
Na ce, “Ukashatu, wato laimar taku
wanda bai jiƙe ba take rufewa?”
Ya sosa ƙeya.

Bayan la'asar na tari Malam Nafi'u:
“Wannan ba caca da ƙaddara ba ce?”
Ya ce, “Tawakkali ya taɓa hana ka kulle shago?
Karanta sharaɗi kafin ka sa hannu,
ka nemi tsarin takaful, na taimakekeniya.”

Na bi jerin asibitocinsu da yatsa.
Wannan Nasarawa, wancan Hotoro,
ciwon dare bai san nisan Hotoro ba.
Ɗaya ne kusa da mu. Na je da kaina,
na zauna a layi kamar mara lafiya,
na tambayi wata baiwar Allah mai kati,
“Suna kallon ku kamar mai tsabar kuɗi?”
Ta ce, “Jiran lambar izini ne aiki,
wani lokaci awa guda ana buga waya.
Amma wata bakwai ban je kemis ba.”
Na ce na gode, Hajiya.

Azurfa na ɗauka. Mutum huɗu.
Na biyar yana ciki, sai ya fito a rubuta shi.
Inna kuwa, na sayo asusun katako,
ɗari biyar kullum kafin in rufe,
kamfaninta ni ne, babu sharaɗi a baya.

Yanzu kati yana cikin walat.
Shekara ashirin ina kasuwa,
ban taɓa roƙon faɗuwa ba sai yau:
Allah ka sa kuɗin nan su tafi a banza,
kati ya tsufa ba a taɓa shi ba,
baɗi in sake biya ina dariya.