Gulbi Ne Ya Yi Ƙaura

Na zo Kwalkwalawa da littafi da biro biyu,
da rikoda mai cin batir kamar gara a rumbu.
Aka ce: ga 'yar jami'a ta zo auna faɗanmu.
Na ce sauraro kawai na zo yi. Aka yi mini dariya.

Faɗan kuwa na kadada ɗaya da rabi ne,
fadama baƙa mai laushi
inda albasa ke kai girman dunƙulen hannu.
Gidan Modi Gajere sun ce tasu ce tun kakanni.
Gidan Jabbi Mai Koma sun ce ƙarya ne,
iyakarsu bakin ruwa ce, haka wasiyya ta zo.
Shekara bakwai ba gaisuwa.
An ƙone injin ban-ruwa, an fasa kan wani saurayi a kan tiyo,
har sahun sallah sai da ya yi giɓi a tsakiya.

Kwana arba'in ina bin zaure zaure.
Kowa ya rantse, kuma ban ga idon maƙaryaci ba.
Wannan shi ya hana ni barci:
yaya gaskiya biyu za su tsaya a kan kunya ɗaya?

Sai Inna Ige, wadda ido ya bari tun bara waccan,
tana ɓarar gyaɗa, ba ma ni take wa magana ba:
"Da ina budurwa, tsamiyar nan sai an shiga jirgi.
Yanzu jikokina da ƙafa suke zuwa tsinko ta."
Na ajiye biro.
Na ce, Inna, maimaita.

A cikin birni, a ɗakin tsofaffin takardu,
na buɗe taswirar da kyankyaso ya ci gefenta.
Ga Rima a kwance a inda yau ake shanya shinkafa.
Ba wanda ya ture iyaka da dare.
Gulbi ne ya yi ƙaura, a hankali, damina bayan damina,
bai sallami kowa ba.

Ban iya kai wannan magana ni kaɗai ba.
Takarda ba ta san yadda ake zama da mai fushi ba.
Malam Ladan, tsohon hedimasta, shi ya shimfiɗa tabarmi,
ya sa kowa ya jingine fartanyarsa a bayan masallaci.
Bai ce ku yi haƙuri ba.
Ya ɗauki kara, ya zana gulbin jiya a ƙasa,
ya zana na yau a gefensa,
ya ce: "To, ku nuna mini ɓarawon."

Shiru ya yi tsawo har muka ji kukan belbela.
Jabbi ya tsuguna, ya bi zanen da yatsa.
Modi ya ce, "Ashe," bai ƙara komai ba.

Ba a rungumi juna ba, kar in yi muku ƙari.
An yi ta ja har la'asar sakaliya
kan wa zai biya injin, wa zai biya ɗinkin kai.
Aka raba kunyoyi, aka kafa turakun siminti
nesa da inda ruwa zai iya canza ra'ayi.
Modi ya dangwala yatsa ya tafi, bai miƙa hannu ba.

Yanzu ran Laraba 'yan aji biyar
kan fita da igiya da malaminsu,
su auna daga tsamiya zuwa gaɓa, su rubuta.
Jikan Modi ke riƙe wannan bakin, jikar Jabbi wancan,
suna musu a kan taku nawa ne.

Da aka cire albasa, an wayi gari
da kwando ɗaya a ƙofar gidan Jabbi.
Ba a ga wanda ya kawo ba.
A rahotona ban san a wane babi zan sa shi ba.