Ƙaro da Ƙari

A El-Obeid Inna Mastura ta tsufa tana tsintar ƙaro,
fari gefe, ja gefe, bisa buhu.
Ni 'yarta, ƙaron nan nake jiƙawa a kwalba,
ya sha ruwa, ya kumbura,
in ɗura masa magani,
in ce: kame bakinka.

Kar ka zube a hanta.
Kar ka taɓa gashi.
Sai ka ɗanɗani tsamin ƙari,
ka ji ɗumin wurin,
sannan ka kwance ƙulli, kaɗan-kaɗan.

Har yau kan ɓeraye muke gwaji.

Ita, ruwan da aka ɗaura mata bai san gida ba,
ya ƙone daji har da gona.
Ina tuna ɗankwalinta
yana zamewa, ba abin riƙewa.